BA A SAN MACI TUWO BA SAI HADDA TA ƘARE

Yau na ɗan jingine labaran soyayya da kishi a gefe, zan yi magana ne a kan darar ces, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, yaranmu ne suka haɗa su. Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, kuma tun da ɗan ƙasarmu Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ta a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, samari da 'yan mata da dama sun kamu da son wannan wasa, har wasu sun fara mafarkin shiga gasa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da akasarinsu suka bi wajen koyo, wato haddace buɗin wasa kamar yadda ɗan firamare ke haddace sau biyu sau biyu, alhali ba su san dalilin taku ko ɗaya daga cikin abin da suka haddace ba.

Kafin in yi nisa, na san malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan shaɗaranji. Malikiyya sun tsananta, Shafi'iyya sun sassauta da sharaɗin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga sallah ba. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai a sani wasan ba baƙo ba ne a ƙasashen Musulmi. Daga Indiya ya taso, ya ratsa Farisa, ya yi zamani a Bagadaza inda gwanaye irin su Al-Adli da As-Suli suka rubuta littattafai a kansa fiye da shekara dubu da suka wuce, sannan ya bi ta Andalus ya shiga Turai. Ko a Borno an taɓa buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi.

Ga wanda bai san wasan ba, allo ne mai gida 64, kowane ɗan wasa na da mayaƙa 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da kurata takwas. Gidajen na da suna, harafi daga a zuwa h, lamba daga 1 zuwa 8. Mai farare ke fara taku. Abin da ake kira buɗin wasa shi ne taku goma zuwa goma sha biyar na farko, lokacin da kowa ke fito da rundunarsa daga gida yana jera ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan 'yan dararmu ta gargajiya a gindin bishiya ya san wannan mataki, domin kafin a fara ci sai kowa ya gama dasa 'ya'yansa goma sha biyu a cikin ramuka, kuma mai mugun dashe tun a nan yake sayo wa kansa wahala.

Turawa sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna nazarin wannan mataki, har kowane buɗi ya sami suna. Akwai Ruy Lopez, sunan wani limamin coci ɗan Sifen da ya wallafa littafinsa a 1561. Akwai Kariyar Sisiliya, inda fari ya tura kurtu zuwa e4 baƙi ya amsa da c5, wadda rassanta kaɗai sun isa su cika kanta guda ta mai sayar da littattafai. Daga 1974 wani kamfani a birnin Belgrade ya fara fitar da kundin da ya kasa buɗe-buɗen nan gida 500, daga A00 zuwa E99. Sai kuma kwamfuta ta shigo. A 1997 na'urar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, yau kuwa manhajar Stockfish da ake saukewa kyauta a waya ta fi duk wani ɗan Adam ƙarfin wasa. Saboda haka kowane yaro na iya tambayar wayarsa takun da ya fi kyau, ta gaya masa cikin ƙiftawar ido. Abin da ba ta gaya masa shi ne dalili.

A nan 'yan kasuwa suka ga ƙofa. Intanet ta cika da bidiyo masu alƙawarin za ka kashe sarkin abokin wasanka a taku bakwai, ko ka cinye masa sarauniya a taku takwas. Tarkuna ne, kuma gaskiya suna kama wanda bai taɓa ganinsu ba. Yaro ya haddace guda biyar, ya yi ta kayar da sa'o'insa a wasan minti uku na waya, sai ya ɗauka ya zama gwani. Ranar da mahaifinsa ya ƙuƙuta ya biya masa kuɗin mota da na masauki zuwa gasa a Legas ko Abuja, ranar ce zai gane cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Bari in bayyana dalili. Gasar ces iri biyu ce. Akwai rufaffiya, wadda sai an gayyace ka, kamar babban rukunin gasar Wijk aan Zee a ƙasar Holan inda ake tara mutum 14 kowa ya kara da kowa. A irin wannan, ɗan wasa ya san abokan karawarsa tun kafin a fara da makonni, yana da mataimaka da manyan kwamfutoci, yana iya dafa wa kowa nasa tuwon daban. A nan hadda makami ce babba. Shaida ita ce karawar neman kambun duniya a Landan a shekarar 2000, inda Vladimir Kramnik ya zo da Kariyar Balin, wadda ake musayar sarauniyoyi tun a taku na takwas, ya toshe wa Kasparov hanya har aka gama karawar Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba.

Sai kuma buɗaɗɗiyar gasa, ta kowa da kowa, wadda duk mai kuɗin rajista zai shiga, irin su Reykjavik da aka fara tun 1964, da Dubai, da Cappelle-la-Grande a Faransa. Nan ce kasuwar talaka, kuma nan ce kaɗai ƙofar da yaronmu zai iya bi. Ana tafiyar da ita bisa tsarin da ake kira na Suwizalan, wanda aka fara gwadawa a birnin Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa. Galibi zagaye tara ne, wanda ya ci yana da maki ɗaya, canjaras rabin maki, kuma kowane zagaye ana haɗa masu maki iri ɗaya. A zagayen farko ana jera mutane bisa ƙarfinsu a raba su biyu, idan su 200 ne, na ɗaya ya kara da na 101. Ka ga kenan ɗan makaranta na iya wayar gari ya ga kansa zaune gaban Babban Gwani, wato mai riƙe da muƙamin ƙoli da hukumar FIDE ke bayarwa. Ba ka sanin abokin karawarka na gobe sai an gama wasannin yau, wani lokaci ma wasa biyu ake yi a yini guda. Yaushe ka ga lokacin dafa wa kowa tuwonsa?

Ga kuma abin da masu sayar da bidiyo ba sa faɗa. Kowane ɗan wasa na da lambar ƙarfi da ake kira Elo, wadda FIDE ta karɓa a 1970. Idan mai 2700 ya yi canjaras da mai 2300, sai ya yi asarar maki wajen huɗu daga lambarsa, ga kuma rabin makin gasa ya tafi, a wurin da galibi sai mutum ya tara bakwai ko bakwai da rabi cikin tara kafin ya sa ran kyautar farko. Don haka Babban Gwani ba zai bi ka cikin layin da kwamfuta ta riga ta tauna ta ce ƙarshensa canjaras ne ba. Ya san ka haddace. Sai ya kauce tun a taku na uku ko na huɗu, ya tura wani kurtu na gefe, ya yi wani taku mai sanyi wanda ba shi cikin bidiyonka. Ba ya neman rinjaye a buɗi, so yake kawai ya raba ka da littafinka, ku tsaya daga kai sai shi. Kuna da minti 90 kowannenku don taku 40 na farko, wayarka tana waje domin doka ta hana shiga da ita. A nan ake sanin maci tuwo.

Dubi abin da Tony Miles ɗan Ingila ya yi a garin Skara na ƙasar Suwidin a 1980, a gasar ƙungiyoyin ƙasashen Turai. Ya zauna gaban Anatoly Karpov, zakaran duniya, mutumin da ƙasa guda ke taya shi shirya buɗi. Karpov ya tura e4, Miles ya amsa da a6, kurtun can ƙarshen allo, takun da malamin yara zai yi wa ɗalibinsa faɗa a kai. Miles ne ya ci wasan. Ba a6 ce ta ci masa ba, ita dai ta fitar da su daga littafi, sauran aikin kansa ne ya yi.

Haka nan buɗaɗɗun gasa sun sha nuna cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A gasar Jibralta ta 2016, Viswanathan Anand wanda ya riƙe kambun duniya har sau biyar ya sha kaye a hannun Adrien Demuth ɗan Faransa, ya sake shan wani a hannun Benjamin Gledura, yaro ɗan shekara 16 daga Hangari. A gasar Katar ta 2023, Alisher Suleymenov na Kazakistan mai lamba 2512 ya kayar da Magnus Carlsen wanda ya fi shi da maki sama da 300, da farmakin da ya sadaukar da mayaƙa a cikinsa ya rutsa sarki. Damar tana nan kenan, ƙofar a buɗe take. Amma duk waɗannan da suka shige ta sun shige ne da lissafin da suka yi a kan kujera, gumi na zuba, agogo na tafiya.

In kuwa ana neman illar kwafe ba tare da tambaya ba, babu misalin da ya kai na shi Anand ɗin kansa lokacin yana saurayi. A garin Biel a 1988 ya kara da Alonso Zapata ɗan Kolombiya. Ya taɓa ganin wani wasa da aka buga a mujalla tsakanin Miles da Larry Christiansen a 1987, inda baƙi ya fito da giwa zuwa f5 a taku na biyar na Kariyar Petrov kuma aka tashi canjaras. Sai ya kwafa. Ashe waɗancan biyun sun riga sun shirya canjaras ɗinsu tun kafin su zauna, shi ya sa ba a hukunta kuskuren ba. Zapata ya matsar da sarauniya zuwa e2, Anand ya duba ya ga doki zai tafi a banza, ya miƙa hannu ya sallama a taku na shida. Idan mai basira irin wannan ya faɗa rami saboda ya yarda da abin da ya gani a rubuce, ina ga ɗanmu da ya yarda da mai bidiyon da ko sunansa na gaskiya bai sani ba?

Wani zai ce ai wancan mujalla ce, yanzu kwamfuta ce, ita kuwa ba ta kuskure. To, a saurara. A 2004 a garin Brissago, Kramnik ya kare kambunsa a gaban Peter Leko. A wasa na takwas Kramnik ya riƙa zuba taku cikin sauri, duk daga shirin gida da aka yi da kwamfuta, har ya sadaukar da sarauniya. Leko na ta tunani lokacinsa na ƙonewa. Can sai ya hango wani takun sarauniya da ya rusa shirin gaba ɗaya, ya ci wasan. Daga baya aka gane cewa kwamfutar ta nuna fari ne da rinjaye a duban farko, da an bar ta ta ƙara lissafi da ta sauya magana. Kwamfutocin yau sun fi na wancan lokaci nesa ba kusa ba, na yarda. Amma ko ta faɗi gaskiya, gaskiyarta na tsayawa ne a inda ƙwaƙwalwarka ta tsaya. Ta ce maka kana da rinjaye a taku na 18, to na 19 fa, wa zai yi maka?

Abin sha'awa, buɗin da aka yi wancan wasa da shi, wato Farmakin Marshall, tarihinsa ma darasi ne. A New York a 1918 Frank Marshall ya fito wa Jose Raul Capablanca ɗan Kuba da shi, ya ba da kurtu a taku na takwas ya auka wa sarki. Marshall ya zo da shiri, Capablanca kuwa a nan kan allo ya riƙa warware ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake farmakin, ya juya ya ci wasan. Shi ne kuma da ya tashi rubuta littafin koyar da masu farawa a 1921, ya fara da ƙarshen wasa, yadda ake kashe sarki da 'yan mayaƙa kaɗan, kafin ya zo kan buɗi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a watsar da nazarin buɗi ba, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wanda ya shiga gasa bai san komai a kan taku goman farko ba zai sha kashi tun kafin ya gyara zama. Manyan gwanaye na kashe awoyi kullum a kansa, kuma suna da hujja, domin a tsakaninsu ɗan bambanci kaɗan ne ke raba gardama. Maganata a kan tsari ce, me ke gaba me ke baya. Su sun gina ɗaki ne suka zo kan fenti, yaranmu kuwa fenti suka saya alhali ko tubali ba su aza ba.

Dubi Gukesh Dommaraju na Indiya. Mahaifinsa likita ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa yawo da shi daga wannan buɗaɗɗiyar gasa zuwa waccan. Malaminsa Vishnu Prasanna ya nisanta shi da dogaro da kwamfuta a shekarun koyonsa, ya bar shi ya riƙa lissafi da kansa. Ya zama Babban Gwani a buɗaɗɗiyar gasar Delhi a Janairun 2019 yana ɗan shekara 12, sannan a Disambar 2024 ya doke Ding Liren a Singafo ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Shi ma Carlsen a buɗaɗɗiyar gasar Dubai ta 2004 ya cika sharaɗin zama Babban Gwani yana ɗan shekara 13, kuma an san shi da son buɗi mai sauƙi wanda zai kai shi dogon wasa, ya yi ta matsar mutum har ya gaji ya yi kuskure.

Mu marubuta wannan ciwo ba baƙonmu ba ne. Sau nawa ka sayi littafi ka tarar da buɗin da ka riga ka sani: yarinya fara doguwa mai dara-daran idanu, ga mota ta faka a ƙofar gida, ga Alhaji ya fito cikin shadda? An ga wani ya buɗe da haka littafinsa ya yi kasuwa, sai kowa ya kwafa. Shafi goman farko sumul, amma da an shiga littafi na biyu sai labari ya rasa inda zai dosa, a kashe wani a haɗarin mota don kawai a sami mafita. Wanda ya fara yin buɗin ya san dalilin da ya sa motar ta faka a nan, mai kwafa kuwa motar kawai ya gani. Mai karatu ba wawa ba ne, haka ma wanda ke zaune a ɗaya gefen allo.

Don haka ga shawarata ga ƙannena da iyayensu. Ka zaɓi buɗi ɗaya da farare, biyu da baƙaƙe, ɗaya na amsa e4 ɗaya na amsa d4, ka tsaya a kansu shekara guda. Kowane taku ka tambayi kanka me yake nema: yana kama tsakiyar allo ne, yana fito da doki ko giwa ne, ko yana ɓoye sarki ne? In ba ka da amsa, ba ka iya shi ba tukuna. Mafi yawan lokacinka ka ba wa warware matsalolin lissafi da koyon ƙarshen wasa, sarki da kurtu, hasumiya da kurtu, domin a nan ake tsintar rabin makin da ke raba mai kyauta da mai komawa gida hannu rabbana. Ka riƙa yin dogon wasa a kan allo na gaske, ka rubuta takunka, in an tashi ka zauna da wanda ya kayar da kai ku bi wasan tare, wannan al'ada ce a gasa kuma ba a biyan ko kwabo. Sai ka gama naka tunanin sannan ka tambayi waya.

Abin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Masar ta fitar da Bassem Amin wanda ya haura 2700, Zambiya ta fitar da Amon Simutowe. Mu kuwa da yawanmu, har zuwa 2024 Nijeriya ba ta fitar da Babban Gwani ko ɗaya ba, duk da cewa tun a 1998 Odion Aikhoje ya ciyo lambar zinare a allo na biyu a gasar Olimfiyad ta ces da aka yi a Elista. Basira tana nan. Idan muka bari wannan zubin na yara ya ƙare a haddar tarkuna, za su je gasa biyu su sha kaye su ce wasan ba nasu ba ne, alhali hanyar ce ba daidai ba.

Su kansu manyan sun fara gajiya da hadda. Tun a 1996 Bobby Fischer ya fito da wani tsari da ake yamutsa jerin mayaƙan baya, ana iya farawa ta hanya 960, yadda babu mai iya zuwa da shirin gida. A watan Afrilun 2025 aka yi buɗaɗɗiyar gasa a kan wannan tsari a birnin Karlsruhe na Jamus. An ƙwace wa kowa littafinsa, kuma Carlsen ya ci wasa tara cikin tara. Mai hankali ya ɗauki darasi a nan.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani da fahimtarsa, ya kuma tsare su daga duk abin da zai shagaltar da su daga ibada da karatu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.